Wasan rubutu na intanet: yaya mutum ke gane wanda zai zauna a ciki?

"Salamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina zaune Zango. Wani abokina ya nuna mini wani wasa a waya wanda babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla, kana rubuta abin da za ka yi wasan yana ba ka amsa, kuma wai mutane ne na gaske daga ƙasashe daban-daban a ciki. Na shiga guda biyu na fito ban gane kansu ba. An ce mini kai ka daɗe kana yi. Don Allah wane ne ya fi kyau, kuma wane kai ka fi so? Wayata ƙarama ce, megana ba yawa, Ingilishina kuma na lakol ne kawai. Zan iya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ka so kake in ɗauko suna guda in miƙa maka in ce ga gwanin nan shiga ka huta, sannan kana tsoron kada ƙaramar waya da ƙarancin mega da Ingilishin lakol su tare maka hanya. Bari in fara cire maka tsoron, za ka iya, ta fannin mega ma babu wasan intanet da ya kai wannan sauƙi a gare mu. Sunaye kuma zan ba ka, har wanda na fi so zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Amma abin da shekaru suka nuna mini shi ne a wasan rubutu ba tsarin wasan ke riƙe mutum ba, mutanen da ka tarar ido biyu a lokacin da kai kake da sarari su ne ke riƙe ka, shi ya sa wanda ɗan Amurka zai rantse maka babu kamarsa kai za ka iya shiga bayan isha'i ka tarar ba kowa sai kai kaɗai kana yawo.

Daga ina abin ya fito

Sunan da ake kiran irin waɗannan wasanni shi ne MUD, da shi za ka yi bincike. Na farko an fara rubuta shi a 1978 a Jami'ar Essex ta Ingila, wani ɗalibi Roy Trubshaw ya fara, daga baya Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi, a kan wata ƙatuwar kwamfuta ta jami'a mai suna PDP-10. Kafin su akwai wasan Adventure na Will Crowther wanda shi ma rubutu ne, kana yawo cikin kogo kana neman dukiya, sai dai mutum ɗaya ke yinsa. Abin da ƴan Essex suka ƙara shi ne in ka shiga ɗaki za ka iya tarar da wani mutum mai rai a ciki, ya gaishe ka ko ya sare ka.

Daga nan iri ya yaɗu, kuma ka daure ka riƙe waɗannan sunaye don su ne za su taimake ka wajen zaɓe. A 1987 Alan Cox, wanda daga baya ya yi suna a aikin Linux, yana cikin waɗanda suka rubuta AberMUD a Aberystwyth. A 1989 abu biyu suka fito, TinyMUD na James Aspnes a Amurka wanda ya karkata ga hira da gina ɗakuna maimakon faɗa, da LPMud na Lars Pensjö a Suwidin wanda ya ba masu gini wani harshen kwamfuta na kansu su ƙirƙiri abin da suka ga dama. A 1990 Pavel Curtis ya buɗe LambdaMOO a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Amurka. Sai ɗaliban sashen kwamfuta na Jami'ar Kofanhagan a Danmak suka yi DikuMUD suka sake shi a 1991, shi ne ya fi kowa haihuwa, daga gare shi aka samu Circle da Merc da ROM da SMAUG da sauransu. Manyan wasannin hoto irin EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004, tsarinsu na ka kashe dodo ka samu maki ka hau mataki ka sayi takobi mafi kyau, kusan duk gadon Diku ne aka sa masa hoto.

To amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne in ka ga an rubuta wasa dangin Diku ne, ka san faɗa da hawa mataki ne kan gaba kuma umarninsu kusan ɗaya ne, ka koyi guda ka koyi ɗari. In dangin LP ne kowane da halinsa, galibi sun fi zurfi wajen bincike da warware matsala. In ka ga MUSH ko MOO ko MUX to yawanci rubuta labari tare ake yi, mutum zai zauna ya rubuta sakin layi guda kan yadda jaruminsa, wato mutumin da ke wakiltarsa a cikin wasan, ya shigo ya zauna ya kalli wane, kai ma ka mayar masa da naka. Na ƙarshen nan da Ingilishin lakol zai yi maka nauyi yanzu, ajiye shi sai gaba.

Abin da ya sa ka shiga ka fito ba ka gane ba

Kusan kowa haka ya fara, don allon farko ba ya jan hannun mutum. Ga abin da ke faruwa a zahiri. Wasan zai rubuto maka sunan wurin da kake, a ce bakin kasuwa, sai layi uku ko huɗu na bayani, rumfuna a hagu, rijiya a tsakiya, ƙamshin nama na tashi, sai a ƙasa ya jera hanyoyin fita, arewa da gabas, sai ya ce akwai mai gadi tsaye da wani kare kwance. Daga nan ya yi shiru yana jiranka. Ka rubuta look ya sake nuna maka wurin, ka rubuta look dog ya ba ka bayanin karen, ka rubuta n kaɗai ka tafi arewa, e gabas, s kudu, w yamma. Da say kake magana da waɗanda ke ɗakin, da tell da sunan mutum kake aika masa magana ko yana can wani gari, score na nuna maka lafiyarka da ƙarfinka, inventory kayan da ke hannunka, help kuma da kowace kalma a bayanta zai buɗe maka bayani. A dangin Diku kafin ka taɓa kowane abu ka rubuta consider da sunansa, wasan zai gaya maka ko za ka iya da shi ko ajalinka ne. In faɗa ya yi zafi flee.

Umarnin da ya fi duk waɗannan daraja wajen zaɓen wasa shi ne who. Shi ke jera maka mutanen da ke ciki a wannan minti. Zan dawo kansa.

Kuma kada ka tsallake makarantar sababbi. Yawancin wasannin kirki suna ajiye sabon shiga a wani yanki na koyo inda ba abin da zai kashe shi, mutane na gaggawar fita daga ciki don su ga gari, sai su ɓace su ce wasan ba daɗi.

Wane irin ɗan wasa ne kai

Shi Bartle ɗin nan a 1996 ya rubuta wata maƙala ya kasa ƴan wasa gida huɗu, har yau da ita ake aiki. Akwai masu son cimma buri, su maki da mataki da kaya ne a gabansu. Akwai masu bincike, burinsu su san me ke bayan waccan ƙofar, su zana taswira, su gano sirrin da ba wanda ya gano. Akwai masu zumunci da hira ta kawo su, wasan dalili ne kawai na haɗuwa. Sai masu son fin ƙarfin wasu, waɗanda daɗinsu su kayar da mutum mai rai ba dodon kwamfuta ba. Ba wanda yake gida ɗaya tsantsa, amma kowa akwai inda ya fi nauyi, kuma yawancin gardamar wane wasa ya fi kyau da za ka ji, mutum biyu ne ƴan gida daban kowa na yabon abin da ya dace da shi. Ka tambayi kanka, a wasanni biyun da ka shiga me ya ɗan tsaya maka a rai ko na minti ɗaya ne, lokacin da lamba ta ƙaru, ko lokacin da ka karanta bayanin wani wuri ka ji kamar kana gani, ko lokacin da wani ya yi maka magana? Amsar ta rage maka rabin aiki.

Agogo da rezo

Nan ne nake so ka tsaya sosai don duk jerin gwanaye da za ka gani a intanet ba wanda aka rubuta da mutumin Zinder a rai. Agogonmu na Nijar ba ya canzawa rani da damina. Gabashin Amurka, wajen su Niyok, suna bayanmu da awa 6 lokacin sanyinsu, awa 5 lokacin zafinsu, wato ƙarfe 8 na darensu lokacin da suka taso aiki suka cika wasa, mu nan ƙarfe 1 ko 2 na dare ne. Yammacin Amurka ya fi haka nisa. Ɗalibi mai lakca da safe ba zai riƙa kwana a kan waya don ya tarar da su ba, kuma ban ba ka shawarar ka gwada ba. Ingila kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watanni suna bayanmu da awa 1. Faransa da Jamus ko daidai da mu ko gaba da awa 1, Finlan gaba da awa 1 ko 2. Saboda haka wasan da ke da Turawan Turai da yawa, bayan isha'inmu shi ne lokacin cikarsa.

Abin da nake yi kuma nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, ka zaɓi wasa biyu ko uku, ka yi sati guda kana shiga kowane a daidai lokacin da ka san kullum kana da sarari, ka rubuta who ka duba. Kada yawan sunaye ya ruɗe ka, a wasu wuraren rabin mutanen sun bar jarumansu tsaye ne sun tafi barci. Ka yi sallama a layin hirar da aka ware wa sababbi, ka yi tambaya ƙarama ko da ka san amsarta, ka ga cikin minti nawa za a amsa kuma da wane irin baki. Wuri mai mutum 15 da ke amsa gaisuwa ya fi mai 200 da ba mai kallonka. Abin kamar fada ne a garin nan, shayin ɗaya ne ko'ina, tabarmar ɗaya ce, amma ba ka zama ɗan wuri sai inda in ka yi kwana biyu ba ka zo ba wani zai ce ina wane. Kuma tunda abokinka na ciki, in yana da wasan da ya zauna ka sa shi cikin ukun, mutum mai agogo irin naka wanda zai yi maka bayani da Hausa ba ƙaramin jari ba ne. Sai dai in za ku yi partaj na koneksiyon ɗaya ku gaya wa masu kula da wasan tun farko ku biyu ne, don wurare da yawa sun hana mutum ɗaya ya riƙe jarumi biyu lokaci guda, kuma su daga can adireshi ɗaya suke gani.

Batun mega ka kwantar da hankali. Harafin boko ɗaya bait ɗaya ne, mega guda kuwa wajen harafi miliyan ne, ga shi wasanni da yawa suna matse rubutun kafin su turo. Zaman dare guda a wasan rubutu bai cin abin da gajeren bidiyo ɗaya ke ci. Ko rezo ya sauka ƙasa inda hoto ba ya buɗewa rubutu na wucewa.

Matsalarmu ta gaske yankewa ce. In rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi batir ya mutu, jaruminka ba ya ɓacewa nan take, yana nan tsaye a inda ka bar shi na ɗan lokaci, in cikin faɗa ne ana ta dukansa ba mai ba shi umarni. A dangin Diku akwai maganin wannan, umarnin wimpy, kana sa masa lamba, da zarar lafiyarka ta sauka ƙasa da ita jarumin zai gudu da kansa ko ba ka nan. Ranar farko ka sa shi. Sannan ka karanta help death da help quit na kowane wasa kafin ka saki jiki, don a wasu in ka mutu kayanka na zama a jikin gawarka sai ka koma ka ɗauko, a wasu tsofaffi in ka fita ba a masauki ba kayanka zubewa suke, akwai kuma waɗanda mutuwa ɗaya ce tak, jarumin da ka yi wata shida kana ginawa ya tafi kenan. Wani wasa mai suna Armageddon ya yi suna da wannan tsari. Masu son sa suna cewa shi ke sa kowane taku ya yi nauyi, kuma gaskiyarsu ne, amma da irin rezon da muke fama da shi ban ga dalilin da za ka fara da nan ba.

Akwai wani dare da ba na mantawa, a wani ƙaramin wasa na dangin Diku wanda yanzu ma ya rufe. Muna cikin wani rami mu ƴan ƙungiya, ni ne mai warkarwa, wato in na tsaya kowa ya shiga uku, ana tsakiyar faɗa wuta ta ɗauke unguwa gaba ɗaya rezo ya bi ta. Sai da gari ya waye na samu shiga. Na tarar da jarumina a masauki ba komai a jikinsa, ga wasiƙa a akwatina daga wata mata ƴar Finlan da ke jagorantar mu, ta ce sun ga na daskare sun ja da baya, sun dawo sun kwashe kayana daga gawar, suna wurin wane, in na shigo in yi masa magana, kuma tana fata lafiya. Ko zobe ɗaya bai ɓata ba. Wasan nan ba shi da wani tsari na a zo a gani, taswirarsa ma rabinta aro ce daga Diku na asali, amma na zauna cikinsa har ranar da aka kashe sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan, kuma da yana nan da shi zan ce maka.

Waɗanda na sani

Don farawa, Aardwolf. Tun 1996 yake, kyauta ne, asalinsa dangin ROM, yana cikin waɗanda suka fi jama'a a wasannin Ingilishi don haka kowane lokaci ka shiga akwai masu motsi, kuma makarantar sababbinsa na bi da kai daki-daki. Ingilishinsa mai sauƙi ne, yana nuna ƙaramar taswira da haruffa, akwai aikin da ake ba ka na je ka nemo abu kaza cikin minti kaza wanda ya dace da mai ɗan lokaci kaɗan. Matakai sun kai 201, in ka ƙure sai ka sake farawa da ƙarin aji, wato sana'ar jarumi irin mayaƙi ko maharbi, ga mai son lamba ta yi ta hawa ba ƙarshe. Abin da zai iya gundurar ka shi ne ba a cika damuwa da labari ba, kashe wannan kashe wancan ne.

Wanda ni na fi so a cikin masu rai yau Discworld MUD ne, na 1991, dangin LP, an gina shi a kan duniyar wasu littattafan barkwanci na Ingila. Dalilina ni mai bincike ne, kuma a can kusan duk abin da aka ambata a bayanin ɗaki in ka ce look a kansa akwai amsar da wani ya zauna ya rubuta, fitila, tabo a bango, tsuntsu kan rufi. Birninsa Ankh-Morpork sai ka yi makonni ba ka gama lungunansa ba. Ba a kan matakin jarumi ake tafiya ba, gwaninta ce iri-iri kuma wasu na ƙaruwa da kansu in kana aikata abin. Da darenmu akwai jama'a. Amma fa Ingilishinsa cike yake da wasa da kalma, in ka fara da shi yanzu rabin daɗin zai wuce ka, ka ba kanka wata biyu ko uku a wani wuri tukuna.

BatMUD na Finlan ne tun 1990, agogonsa ya dace da mu ƙwarai, sai dai yana da tsauri ga baƙo kuma an gina shi don a yi yaƙi cikin ƙungiya, in ba ka samu mutane ba za ka sha wuya. Achaea na kamfanin Iron Realms, 1997, shi kuma siyasa ce, birane ne da ƴan wasa ke mulkinsu da zaɓe da muƙamai da yaƙi tsakaninsu, dole ka yi magana a matsayin jaruminka, rubutunsa na da kyau. Faɗan mutum da mutum a can gudu gare shi kamar me, layuka na zubowa, jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa a gama da kai, don haka daga nan ka shiga don gari da mutane ba don kokawa ba. Sai Alter Aeon na 1995 wanda nake ambata da wata manufa, ya yi suna wajen makafi, da yawa daga cikin ƴan wasansa da manhajar karanta allo suke yi, har akwai tarin sauti da aka haɗa musu. In ka san wani makaho mai jin Ingilishi a lakol ɗinku ka gaya masa, wannan na cikin wasanni ƙalilan da zai yi kafaɗa da kafaɗa da mai ido.

In faɗa maka iyakata, ra'ayin mai bincike da hira kake ji. Faɗan mutum da mutum ban yi nisa a ciki ba saboda rezo, wasannin rubuta labari na leƙa ne kawai, kuma waɗannan wurare yawancinsu ƴan sa-kai ke riƙe da su, jama'a na ƙaruwa tana raguwa, shugabanni na canzawa, shi ya sa abin da who ya nuna maka da idonka ya fi maganata.

Waya, kuɗi, Ingilishi

Wasanni da yawa suna da wurin shiga kai tsaye daga shafinsu, ka fara da nan ba sai ka sauke komai ba. In ka zauna sai ka nemi manhaja. A Android akwai BlowTorch, tsohuwa ce amma tana ba ka damar yin maɓallai a kan allo, ka taɓa ɗaya ya tura umarni, masu son wahala mai riba kuma suna sa manhajar TinTin++ a cikin wata manhaja mai suna Termux. In ka samu kwamfuta Mudlet kyauta ce kuma tana zana taswira. Abu biyu za su sauƙaƙa maka rayuwa a waya, ka kashe gyaran kalma na kilabiye don in na Faransanci ne zai riƙa mayar maka da umarni wata kalma daban ana tsakiyar faɗa, sannan ka koyi alias, wato ka ɗaure dogon umarni a harafi biyu. Amma kada ka haɗa abin da zai riƙa yi maka wasa kai ba ka nan, kusan ko'ina laifi ne da ke sa a kori mutum.

Kalmar sirri kuma, yawancin waɗannan wasanni ta telnet ake shiga, tsohuwar hanya ce da ba ta rufe abin da ka rubuta. Kada ka kuskura ka sa wadda kake amfani da ita a Facebook ko imel ko wurin kuɗinka, ƙirƙiri wata daban. Sunanka na gaskiya da lambar waya ma ka riƙe abinka har sai ka san mutane.

Kuɗi, Aardwolf da Discworld ba sa neman ko dala kafin ka yi wasa, lasisin Diku na asali ma ya hana a ci riba da shi, shi ya sa zuriyarsa ta taso a kyauta. Na Iron Realms shiga kyauta ne amma suna sayar da kiredi da ke saurin ƙarfafa jarumi, wanda ya biya zai wuce ka, ka san da haka tun farko kada ranka ya ɓaci. GemStone IV da DragonRealms na kamfanin Simutronics tsofaffi ne masu zurfi, tsarinsu biyan wata-wata ne da wani ɓangare na kyauta mai iyaka, kuma biyan da katin banki ne. Ɗalibi mai lissafin jika guda na forfe bai da buƙatar wannan.

Ingilishinka zai isa ga dangin Diku, don kalmomin da ke maimaituwa ba su da yawa, cikin sati biyu za ka haddace su, kuma ka ajiye ƙaramin kaye kana rubuta sababbi. Wasannin Faransanci ƴan kaɗan ne kuma jama'arsu ba yawa, Jamusawa su ne suka riƙe nasu da harshensu irin MorgenGrauen. Ka faɗa musu kai tsaye Ingilishi ba harshenka ba ne, da yawansu ma ba nasu ba ne. Na ga yaran da rubutunsu na Ingilishi ya miƙe saboda wannan wasa fiye da yadda aji ya miƙar da shi, don a nan in ba ka karanta da kyau ba mutuwa za ka yi.

Akwai kuma abin da na san zai zo maka a rai ko ba ka tambaya ba. Yawancin duniyoyin nan na tatsuniyar Turawa ne, akwai matsafa da gumaka da alloli na ƙage, a wasu ma akwai aji ko ƙungiyar da sai jaruminka ya yi musu bauta a rubuce. Ni abin da nake yi ina kauce wa waɗannan azuzuwa in ɗauki mayaƙi ko maharbi ko ɗan kasuwa, akwai kuma wasannin sararin samaniya da jirage irin Starmourn da ba su ginu kan wannan ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka kai wa malaminka bayanin yadda abin yake ya ba ka fatawa, wannan ba fagena ba ne. Wasu wuraren, musamman cikin masu rubuta labari, na manya ne da batsa a ciki, suna rubutawa a ƙofa, ka karanta ka wuce. Kuma kada ka shiga yaƙin ƙungiya ana saura minti goma a kira salla, in lokaci ya yi ka ce musu za ka tashi na ɗan lokaci ka kai jaruminka wuri mai aminci, ban taɓa ganin wanda ya ƙi fahimta ba a wuraren da na zauna. Lokacin jarabawa ka ajiye shi gaba ɗaya, abin na da riƙo fiye da yadda rubutu zalla zai sa ka zata.

Wani buri da na daɗe da shi, mu yi namu da Hausa. Kayan aikin na nan kyauta, akwai Evennia da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python wanda ke ba ka sabar da ɗakuna da hanyar shiga ta shafi, kai ne za ka zuba duniya a ciki. Ka ɗauki Damagaram ta ƙarni na 19 zamanin Sarki Tanimun, ganuwar Birni da ƙofofinta, ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da gishirin Bilma, fatake na haramar Kano, majema da maƙera da dogarai, mutum ya zaɓi ya zama madugu ko ɗan koli ko maharbi. Ɓangaren kwamfuta mutum biyu sun isa, inda aikin yake shi ne masu zama su rubuta ɗaki ɗari biyar kowane da bayaninsa mai daɗin karantawa, da masu haƙurin tsayawa kullum da dare su amsa wa sababbi. In ka yi wata shida kana wasa abin bai fita ranka ba, fara koyon Python, ka kuma riƙa rubuta bayanin lungunan unguwarku layi huɗu-huɗu a kaye, sai ka neme ni mu duba tare.